An mayar da ni a bizit saboda tansiyo da suga, aikin kamiyo ya kuɓuce mani ke nan?

Wani ƙanenmu a nan Damagaram ya turo mani doguwar tambaya, ga ta a taƙaice. Ya daɗe yana aparanti a bayan babbar mota, Allah ya taimake shi ya samu fermi na manyan motoci, wani kanfani mai jigilar mai ya ce zai ɗauke shi amma sai ya fara wucewa ta bizit, wato awon lafiyar ɗaukar aiki, wurin likitan da suke aiki da shi. Ya je, aka auna tansiyo aka samu 16/10, aka tsoma ƴar takarda a fitsarinsa aka ce akwai suga, likita ya ce ba zai sa hannu yanzu ba ya je ya dawo. Mai gidan ya ce sati biyu zai iya riƙe masa wurin, bayan nan akwai masu jira. Abokansa na tasha wasu sun ce ya haɗiye ƙwayar hawan jinin babansa da safen ranar komawa, wasu sun ce ya sha zoɓo da tafarnuwa, wani kuma ya ce ya san inda ake yin takardar ba sai an auna mutum ba. Shekarunsa ba su kai 30 ba kuma shi dai bai jin ciwon komai. Yana tambaya ya zai yi.

Toh ƙanena, aikina ke nan, auna ma'aikata kafin a ɗauke su, kuma direbobi su ne suka fi yawa a cikin masu zama kan bencin ƙofata. Fara kwantar da hankalinka tukuna. Je ka dawo ba kora ba ce. Galibi abu uku ne likitan aiki yake rubutawa a ƙarshen bizit, ko ya ce ka dace da aikin, ko ya ce ba ka dace ba na ɗan lokaci sai an sake dubawa, ko ya ce ba ka dace da wannan aikin ba gaba ɗaya. A takarda za ka ga apte ko inapte temporaire ko inapte. Abin da ka ba ni labari na tsakiyan ne, kuma tansiyo da suga duka biyun abubuwa ne da ake gyarawa mutum ya koma bakin sitiyari, direbobi nawa ne ke bin hanyar Agadas da ta Diffa yau da ƙwayar tansiyo a aljihun gaba kuma da takardarsu ta halal. Wanda na fi tausayawa shi ne wanda aka ce ya je ya dawo sai ya yi fushi ya ɓace, ko ya kwashe kwana goman farko yana bin shawarar ƴan tasha sai ana saura kwana biyu ya tuna da asibiti.

Kuma kar ka ɗauka likitan nan mugunta ya yi maka. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 can kan hanyar Tanut, jigilar mai ta zama babban abinci a garin nan, kuma abin da za a damƙa maka lita dubbai ne na esans ko gazuwal da za ka ratsa da su ta tsakiyar kasuwannin ƙauye ranar da suke ci. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin wajen mita 22 duk daƙiƙa ɗaya, ka lissafa, in idonka ya rufe ko kanka ya juya na daƙiƙa 4 kawai ka tafi kusan mita 90 ba kowa a kan sitiyari. Wannan lissafin ne ke cikin kan likita lokacin da ya ajiye biro bai sa hannu ba.

Mu ɗauki tansiyon don shi ne ya fi mayar da mutane. 16/10 ɗin da aka faɗa maka shi ne 160/100 a irin na'urar nan mai batir da ke nuna lamba uku-uku. Daga 14/9 zuwa sama ake kiran shi hawan jini, 16/10 ya shiga mataki na biyu, 18/11 kuwa wannan likitan kirki ba zai bar ka ka hau mota ba. Amma awo ɗaya a rana ɗaya ba ya yanke hukunci, saboda na san yadda kuke zuwa mana. Mutum bai yi barci ba daren jiya don fargaba, da asuba ya sha shayi zagaye uku mai ɗaci ya ɗora Nescafé ya tauna goro, ya zuƙi taba a bakin ƙofa don hankalinsa ya kwanta, ya taho kan kabu-kabu cikin rana, fitsari ya cika masa mara yana matsewa don an ce za a buƙace shi, yana shiga ya ga farar riga sai zuciya ta hau bugawa, ana ɗaura masa abin awo yana ta surutu yana ba ni labarin yadda ya sha wahala kafin ya samu aikin. Duk waɗannan kowanne yana ɗaga lambar. Har ƙaramin ɗamarin awo a kan hannun ƙato yana ba da lambar da ta fi gaskiya yawa. Akwai kuma magungunan da mutane ba sa lissafawa a magani, diklofenak da ibuprofen da direbobi ke sha kamar gyaɗa saboda ciwon baya, maganin mura mai buɗe hanci, da deksa da ake sha don ƙiba ko ciwon jiki, wannan na ƙarshen ma tansiyo da suga duka yake ɗagawa, don haka in kana shan ɗaya daga ciki faɗa wa likita yau ba gobe ba.

Abin da za ka yi daga gobe da safe, ka samu CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko farmasi mai na'urar awo, ko ka ari na'ura wurin wani dattijo mai hawan jini in akwai a gidanku. Ka sayi ƙaramin littafi irin na ƴan lakwal. Safe da yamma, ba shayi ba goro ba taba na aƙalla minti 30 kafin awo, ka yi fitsari, ka zauna kan kujera bayanka a jingine ƙafafu a ƙasa minti 5 ba magana ba waya, hannu a kan tebur daidai ƙirji, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, ka rubuta rana da lokaci da lambar. Kwana 7 ake so, in lokaci ya ƙure ko kwana 3 ma sun fi babu. In awon gida yana tsayawa ƙasa da 135/85 to mai yiwuwa tsoron asibiti ne ya ɗaga maka, kuma littafin nan hujja ce da duk likitan kirki zai duba, in ma'aikacin lafiya ne ya auna ya sa hannu da tambari a gefe ya fi ƙarfi. In kuma a gida ma yana kai 15 ko 16, to kana da hawan jini, ba wani kwana-kwana, kuma rashin jin ciwo ba ya nufin komai don yawancin masu shi ba sa jin komai har ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza.

A nan ne nake son ka saurare ni da kyau game da sati biyun nan. In dai na gaske ne, kar ka jira sai kwana bakwan sun cika, a rana ta uku in ka ga lamba ba ta sauka ka tafi wurin likita da littafinka a rubuta maka ordonans naka na kanka. Maganin da aka fi farawa da shi a wajenmu irin su amlodipin ne, ƙwaya ɗaya a rana, ba shi da tsada sosai, yana ɗaukar kamar mako guda kafin ya zauna a jini, cikakken aikinsa kuma sati biyu zuwa huɗu. Ka ga ke nan wanda ya fara a makon farko yana da damar zuwa ranar komawa da lamba mai kyau, ko da bai kai ƙasa da 14/9 ba likita zai ga mutumin da ya kama hanya, yana iya ba shi takarda ta ɗan gajeren lokaci ya ce ya dawo a sake dubawa. Kuma mai shekaru ƙasa da 30 da 16/10 ba a tsayawa kan ƙwaya kawai, ya kamata a duba ƙoda da analiz na jini da na fitsari, a yi awon bugun zuciya, don a irin shekarunka wani lokaci akwai abin da ke ƙasa yana tura tansiyon.

Ƙwayar baba da safen ranar bizit kuwa, wallahi kar ka fara. Ba ka san ƙarfinta ba, wataƙila haɗin magani biyu ne ko uku da aka daidaita wa tsoho mai shekara 65, wasu suna rage bugun zuciya har likita ya gani a hannu ya tambaye ka me ka sha, wasu suna faɗar da tansiyo lokaci guda ka miƙe tsaye jiri ya kwashe ka a gabansa. In ma ka ci sa'a ka wuce, me ka gyara? Kamar mai toshe yoyon iskar birki da tsumma ne don ya wuce wurin masu duba mota, gangaren yana nan gaba yana jiransa. Zoɓo kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, an gwada an ga yana ɗan rage tansiyo kaɗan, amma ba zai sauko da 16 zuwa 13 ba, balle irin wanda ake sayarwa a leda da aka zuba wa suga kamar ba gobe, kai da aka ga suga a fitsarinka. In za ka sha ka dafa a gida ba suga. Abin da ya fi zoɓo amfani shi ne rage gishiri, hukumar lafiya ta duniya ta ce kar a wuce giram 5 a rana, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan duka har da wanda ke cikin miya, kuma dunƙulen magi gishiri ne, yajin tsire da na kilishi gishiri ne, kanwa ma da muke jefawa a wake da miyar kuka da kunu sinadarin da ke cikin gishiri ne ke cikinta. Abincin tasha kuwa ka san yadda yake.

Sai maganar suga. Ƴar takardar da ake tsomawa a fitsari ba ta cewa kana da diyabet, tana ɗaga tuta ne kawai. Suga yakan fara zubowa a fitsari in na jini ya haura wajen 1.8 giram a lita, shi ya sa ba a wasa da shi, amma hukunci na jini ne. Ka kwana ba ka ci komai ba awa 8, ruwa kawai, ba koko ba shayi ba fura, a ɗebi jini a laboratuwar da safe. Ƙasa da 1.10 lafiya lau, daga 1.26 zuwa sama in aka maimaita wata rana aka sake samun haka to diyabet ne, tsakanin biyun kuma gargaɗi ne. Akwai wani awon da ake kira HbA1c mai nuna yadda sugan ya kasance cikin wajen wata 3 da suka wuce, daga 6.5 cikin ɗari ana lissafa shi diyabet, na faɗa maka wannan ne don masu cewa ka yi kwana biyu ba ka ci tuwo ba kafin ka koma, wannan awon ba ya jin wayon kwana biyu. Abu ɗaya dai, in kana da sikila ko jininka na da wata matsala irin wannan ka faɗa, don awon yana iya ba da lambar da ba daidai ba.

In ya tabbata diyabet ne ma ba ƙarshen tuƙi ba ne. Abin da ke tsorata likitan direbobi ba hawan sugan ba ne kawai, faɗuwarsa ce, wato mutum ya sha magani bai ci abinci ba yana cikin dajin da ke tsakanin Tanut da Aderbisinat sai gumi da rawar jiki da duhun ido su taso masa. Metformin da ake yawan farawa da shi ba kasafai yake jawo wannan ba, glibenklamid da allurar insulin su ne ke yi, saboda haka ka gaya wa mai rubuta maka magani cewa kai direban babbar mota ne mai doguwar tafiya, zai san abin da zai zaɓa. Ko a Amurka da suka daɗe suna takura wa masu insulin, tun 2018 suka sassauta, mai allura yana iya samun takarda in likitansa ya shaida sugansa a daidaice yake.

Tunda na ambaci Amurka bari in yi ɗan ratse, don yara da yawa suna zuwa mani da abin da suka gani a TikTok na direbobin can. A can katin lafiyar direba iyakarsa wata 24, mai tansiyo daga 140/90 zuwa 159/99 shekara ɗaya ake ba shi, daga 160/100 zuwa 179/109 wata 3 sau ɗaya tak don ya je ya gyara, daga 180/110 kuwa babu har sai ya sauko. A Faransa kuma mai fermin manyan motoci duk shekara 5 yake komawa wurin likita in bai kai 60 ba, daga 60 duk shekara 2, daga 76 duk shekara. Waɗannan dokokinsu ne ba namu ba, kar ka je ka tsaya gaban likitan kanfani kana cewa ai a Amurka wata uku ake bayarwa. Na kawo su ne ka ga ko a inda aka fi tsanani 16/10 jinkiri yake jawowa ba sallama ba. A nan kuma bayan abin da hukuma ke nema, kanfanonin mai da na ma'adinai kowanne yana da nasa sharuɗɗan da sukan fi na fermi tsauri, shi ya sa za ka ga mutum da fermi a hannu amma bizit na kanfani ya tsayar da shi.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, don na san tasha. Tramol. Ban ce kana sha ba, amma aparanti da ya yi shekaru yana ɗaure tanti da canza taya cikin zafin watan Afrilu, da wuya a ce ba a taɓa miƙa masa ba. Wasu kanfanonin suna gwada fitsari don ƙwaya, kuma in ba a yi maka a zuwan farko ba ana iya yi a na biyu. Tramol yakan fita daga fitsari cikin ƴan kwanaki, wiwi kuwa ga mai sha kullum yana iya kai wata guda, diyazefam ma yana daɗewa, sirop ɗin tari mai kodin shi ma yana fitowa. Ba dabarar ɓoyewa nake koya maka ba, matsalar tramol ta wuce gwaji, ko a asibiti ba a wuce miligiram 400 a rana, na kasuwa kuwa ƙwaya ɗaya 225 ce ko 250 mutum ya watsa biyu uku da shayi, kuma sananne ne yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba. Faɗuwa ɗaya a kan sitiyari ta isa. In kana sha kullum kar ka yanke lokaci guda kai kaɗai a ɗaki, jiki zai yi ciwo, gumi, zawo, rashin barci, tansiyon ma ya ƙara hawa, ka samu likita ka faɗa masa gaskiya a rage maka a hankali. In kuma wani magani ne aka rubuta maka a asibiti, tafi da ordonans ɗin ka nuna kafin a karɓi fitsarin ba bayan sakamako ya fito ba.

Ido shi ne na biyu wajen mayar da mutane kuma shi ya fi sauƙin gyara. A ma'aunin Turai da likitocinmu da yawa suka yi karatu a kansa, ana son idon da ya fi kyau ya ga 8/10, ɗayan aƙalla 1/10, kuma da tabarau ma ya halatta. Amma sai ka ga saurayi ya ɓoye tabaransa a aljihu wai kar a ce makaho ne, ya tsaya yana ƙanƙance ido gaban allon haruffa yana canka. Sa abinka. Wanda bai iya boko ba sai ya faɗa, akwai allo mai alamar da ake nuna inda ta fuskanta da hannu, rashin karatu ba rashin gani ba ne. Wanda ya fi damuna shi ne hawan jinin ido, gilokoma, yana da yawa a baƙar fata, yana cin gani daga gefe-gefe mutum bai sani ba, yana karanta allo tsaf amma ba ya ganin yaron da ya fito daga gefen hanya ko amalanken shanu, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. In a gidanku akwai wanda ya makance ba a san dalili ba, je ɓangaren ido na babban asibitin Zinder a auna maka tun yanzu. Kunne kuwa sau da yawa datti ne ya toshe, a wanke a sake gwadawa shi ke nan.

Jini a fitsari ma yana tsayar da takarda, kuma ga wanda ya tashi yana wanka a tabki galibi tsargiya ce, ana tabbatarwa a laboratuwar a ba da prazikantel gwargwadon nauyin jiki. Tabo a hoton ƙirji sai a nemi majina a gwada, in tarin fuka ne magani wata 6 ne kuma kyauta ake ba da shi, in tsohon tabo ne da ya warke ba ya hana komai.

Akwai kuma waɗanda bai kamata ma su hana ka aiki ba amma ana tsorata mutane da su. Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasar nan, mai ɗauke da shi da hantarsa ke aiki lafiya yana tuƙinsa, bibiya kawai yake buƙata. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta hana mai ɗaukar aiki ya nuna wa mutum bambanci saboda sida ko sikila, kuma gwajin sida ba a yi wa mutum shi a ɓoye ko dole don neman aiki. Sannan ka sani, abin da ke tsakaninka da likita sirri ne, mai gida hukuncin kawai ya kamata ya gani, ya dace ko bai dace ba, ba lambar suganka ba. Na san a aikace wani lokacin takardun analiz gaba ɗaya ake tarawa a kai ofis kowa ya buɗa, wannan ba daidai ba ne kuma kana da ikon cewa a ba ka naka a hannu.

Waɗanda suke hanawa da gaske ba su da yawa amma ba na ɓoye maka su. Farfaɗiya ita ce kan gaba, a ƙa'idar Turai mai babbar mota sai ya yi shekara 10 bai faɗi ba kuma ba ya shan magani. Sai suma da ba a gano dalilinta ba, ciwon zuciya mai tsanani, ganin abu biyu-biyu, ganin gefe da ya lalace, da shaye-shayen da mutum ya kasa bari. Akwai kuma wanda ba a cika tambaya ba a wajenmu alhali yana kashe direbobi, wato ɗaukewar numfashi cikin barci. Mutum mai ƙiba da kaurin wuya, munsharinsa har maƙwabta, matarsa ta ce yana yin shiru kamar ya mutu sai ya ja numfashi da ƙarfi, da rana ko ina ya zauna sai gyangyaɗi, kuma tansiyonsa ba ya jin magani. In wannan kamanninka ne ka faɗa ko ba a tambaye ka ba, ana maganinsa.

Toh sai mai gida da sati biyunsa. Kar ka zauna shiru yana zaton ka gudu. Koma wurin likitan da ya mayar da kai ka roƙe shi ya rubuta maka abu biyu, awon da yake son ka kawo ɗaya bayan ɗaya, da ranar da zai sake ganinka, don wasu sai sun dawo ake ce masu ai saura kaza, a ƙara masu wani makon a banza. Ka ɗauki takardar da ke nuna na ɗan lokaci ne ka kai wa mai gida da kanka, in da hali ka tafi da direban da ya koya maka mota ko wani babba na sandika da yake jin nauyinsa, ka san a garin nan fuskar dattijo tana yin abin da takarda ba ta yi. Ba sai ka faɗa masa ciwonka ba, ka ce likita ya ba ni rana kaza, ga shaida, ina roƙon a ƙara mani mako ɗaya ko biyu in ta kama, kafin nan in akwai aikin garaji ko na fili ina yi. Mai mota ya fi son wanda ya riga ya gwada hannunsa a kan ya fara neman sabo. Amma ka san matsayinka, in ba ku sa hannu kan takardar ɗaukar aiki ba tukuna to ba albashi a kwanakin jiran nan kuma ba dole ne ya riƙe maka wurin ba, alfarma ce, sai ka bi da lallami. In kuwa an riga an ɗauke ka an yi maka rajista a CNSS, asusun ma'aikata, sannan ake son sallamarka kan hukuncin ɗan lokaci, wannan maganar ofishin sufeton ƙwadago ce. Ka tambaya kuma wa ke biyan kuɗin awon da aka ƙara, bizit na ɗaukar aiki nauyin kanfani ne, amma maganin ciwonka da ganin ƙwararren likita galibi aljihunka ne, gara ka sani tun yanzu ka nemi ƴan jikkunan wurin ƴan'uwa.

Mai cewa ya san inda ake buga takarda, bar shi da saninsa. Takardar jabu laifi ce a kanka da wanda ya buga, kanfanin da ke da likitansa ma ba zai karɓi ta waje ba, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa, jandarma da ƴan asirans takardun direba suke fara bi ɗaya bayan ɗaya, shi wanda ya karɓi kuɗinka ba za ka ƙara ganin ƙeyarsa ba. In kana ganin likitan farko bai yi maka adalci ba hanyar ita ce ka nemi ya tura ka wurin likitan zuciya ko na suga, ka kawo rahoton wancan a rubuce, da wuya likitan aiki ya ƙi bin rahoton ƙwararre.

Ranar komawa ka yi barci da wuri, ka tambaya tun kafin ranar ko za a ɗebi jinin suga don ka san ko za ka karya ko a'a, maganin da aka rubuta maka kuwa ka sha shi a lokacinsa kamar kullum kar ka tsallake don wai kar a gane, ai so ake a ga yana aiki, sai dai in na suga ne kuma ba ka karya ba to wannan ka tambayi likita ya za ka yi da shi. Ba shayi ba goro ba taba. Ka isa da wuri ka zauna a inuwa, ka riƙo littafin awonka, ordonans, kwalayen maganin su kansu, sakamakon analiz da tabarau in kana da su. In aka auna ya fito sama ka ce don Allah a bar ni minti 10 a sake, ba rashin kunya ba ne, mu ma haka ƙa'ida ta ce mu yi.

In kuma cikin kwanakin nan ka auna ka ga 18/11 ko sama, ko ka ji ciwon kai mai tsanani da duhun gani, ciwon ƙirji, nauyin harshe ko hannu ɗaya ya mutu, ko ƙishirwa da yawan fitsari da rama suna ƙaruwa har da amai, wannan kar ka jira ranar bizit, a ɗauke ka zuwa irjans a ranar ko da tsakar dare ne.